Tumatirin Gyauro: Daga Juji Zuwa Bokiti

 Yau za mu duba wani abu ne da wataƙila kun sha gani a kan juji ko a bakin kwata, wato tumatirin da ya fito ba wanda ya shuka shi, irin wanda manoma ke kira gyauro. Shin me ke sa shi fitowa, kuma ko da riba in mutum ya cire shi ya dasa a gida?

Bari mu fara da wani labari daga arewacin Turai. A shekarar 1963 dutse mai aman wuta ya fashe a ƙarƙashin teku, kudu da ƙasar Aisilan, har wani sabon tsibiri mai suna Surtsey ya ɓullo. Aka hana kowa zuwa sai masu bincike, domin a ga yadda tsirrai za su isa wurin da kansu. To a 1969 sai ga tumatir ya tsiro a tsibirin. Da aka duba gindinsa, ashe wani ne ya yi bayan gida a wurin. Nan take aka tumɓuke shi.

Wannan ya nuna mana taurin ran irin tumatir. Ɓawonsa yana da ƙarfin da zai iya ratsa cikin ɗan Adam ya fita da ransa. Sannan yauƙin nan da ke lulluɓe da shi yana hana shi tsirowa tun yana cikin 'ya'yan. Sai tumatirin ya ruɓe, yauƙin ya wanke, in an samu danshi da ɗumi, cikin kamar mako guda ya fito.

To ga wanda ke zaune a gidan haya a Landan ko Jidda ko Kumasi, ba shi da fili sai baranda ko tsakar gida, wannan dashe ne na kyauta. Haka ma wanda maƙwabci ko mai sayar da dashe ya zubar don ya yi yaushi. A nemi bokiti mai cin lita 15 zuwa 20, a huda ƙasansa don ruwa ya riƙa fita, a cika da sabuwar ƙasa haɗe da takin da ya ruɓe sosai. Da yamma ake cire dashen, tare da ƙasar da ke jikin saiwarsa. A tsinke ganyen ƙasa, a binne karan har kusan rabinsa, domin karan tumatir yana fitar da sababbin saiwoyi a duk inda ƙasa ta rufe shi. A ajiye a inuwa kwana uku, sannan a fitar da shi inda zai samu rana aƙalla awa shida.

Amma fa ba kowane dashe ake ceto ba. Yaushin ƙishirwa yakan warware cikin 'yan sa'o'i in an ba da ruwa. In kuwa ganyen ya nannaɗe ya yi ɗorawa, ko an ga fararen layuka a cikinsa alamar tsutsa ta shiga, to a bar shi. Masu sauraro za su tuna ƙwarin nan Tuta absoluta da ya yi wa gonakin tumatir ɓarna a Kano da Kaduna a 2016. Dashe ɗaya mai ɗauke da shi ya isa ya ja wa na maƙwabta.

Sai kuma batun abin da zai haifa. Galibin tumatirin manyan kantuna aure ne na iri biyu, wanda ake rubuta wa F1. Kamar yadda Gregor Mendel ya nuna a binciken da ya wallafa a 1866, halayen da suka ɓuya a zuriyar farko kan sake bayyana a ta biyu. Saboda haka kada a yi mamaki in 'ya'yan sun fito ƙanana, ko siffarsu ta saɓa da ta wanda aka saya. Ana cinsu lafiya lau.

A kula da yanayi ma. A Birtaniya sanyin da ke daskarar da raɓa yana kashe tumatir, don haka ake jira sai ƙarshen Mayu a fitar da shi waje. A Saudiyya da Sudan da Chadi kuwa zafi ne matsalar, domin in ya kai digiri 35 fure yakan zube bai ɗaura 'ya'ya ba, shi ya sa lokacin sanyi ya fi dacewa. Bokiti yana saurin bushewa, a riƙa taɓa ƙasar kullum. In ana ba da ruwa yau, gobe a manta, ƙasan 'ya'yan yakan yi baƙi ya ruɓe.