Me Ya Sa Mai Takarda Ke Rasa Aiki?

Duk wanda ya bi ta Mandawari a cikin birnin Kano da hantsi zai ga samari a bakin zauruka suna hira, wasunsu da ambulan a hannu. Mai wucewa sai ya ce zaman kashe wando ne. Amma da yawa daga cikinsu suna da digiri ko difloma, daga Jami'ar Bayero ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kano, kuma sun gaji da yawon kai takardu ofis-ofis. Abin da ke tare musu hanya shi ne sharuɗɗan da masu ɗaukar ma'aikata ke gindayawa.

Sanarwar neman ma'aikata, musamman ta bankuna da manyan kamfanoni, takan ce ana son wanda bai wuce shekara 26 ko 27 ba, wanda ya fita da sakamako mai daraja ta ɗaya ko ta biyu babba, ya gama bautar ƙasa, sa'an nan wani lokaci a ƙara da cewa ya taɓa yin irin aikin na shekara biyu ko uku.

To, mai karatu ya yi lissafi da kansa. Yaro ya shiga firamare yana shekara 6. Firamare shekara 6, sakandare 6, ya kai 18 ke nan, in bai maimaita aji ba. Da wuya ɗan talaka ya sami gurbin jami'a a zaman farko na jarrabawar JAMB, don haka a ƙara shekara ɗaya ko biyu. Jami'a shekara 4 ce a takarda, amma yajin aikin malaman jami'o'i ya cinye wata 9 a 2020, ya sake cinye wata 8 a 2022. Daga nan sai jiran kira zuwa bautar ƙasa, wadda aka kafa a 1973, ita ma shekara guda cur. Kafin yaro ya karɓi takardar sallama ya kai 26 ko 27. Yaushe ya yi aikin shekara uku? Wannan fa lissafin ɗan birni ne. Ɗan ƙauye da ya fara da makarantar allo, ko ya tsaya taya mahaifinsa noma, yakan shiga aji ɗaya yana shekara 8 ko 9. Wanda ke cika sharaɗin cikin sauƙi shi ne ɗan mai hali da ya yi jami'ar kuɗi, inda ba a yajin aiki.

Masu ɗaukar aiki suna da nasu dalilin. Masu nema sun yi yawa, guraben kuwa kaɗan ne, tun da masaƙu da masana'antu da dama na Bompai da Sharaɗa da Challawa suka rufe. Idan takarda dubu ta taru a kan kujera biyar, sai a nemi rariyar da za ta rage su. Shekaru da darajar sakamako su ne rariya mafi arha, domin ba sai an zauna da mutum an gwada shi ba. Rariyar ba ta san mai ƙwazo ba. Kuma sau da yawa ba ta aiki a kan mai uwa a gindin murhu.

An ga iyakar wannan cunkoso a ranar 15 ga Maris, 2014, lokacin da Hukumar Shige da Fice ta kira masu neman aiki jarrabawa a filayen wasa na ƙasar nan. Fiye da mutum 500,000 suka nema, kowa ya biya Naira 1,000, alhali guraben ba su kai 5,000 ba. Turmutsitsi ya hallaka fiye da mutum 10 a Abuja da Fatakwal da Minna da Benin. A 2023 Majalisar Dattawa ta yi kira da a daina sa iyakar shekaru a sanarwar aiki. Wanda ya kawo ƙudurin, Sanata Abba Moro, shi ne ministan cikin gida a lokacin wancan turmutsitsi. Sai dai kira ne kawai aka yi, ba doka ba.

Sharaɗin shekaru ya jefa wasu cikin rantsuwar ƙarya a kotu don rage shekaru. Ban da alhakin rantsuwar, yanzu ranar haihuwa tana rubuce a lambar ɗan ƙasa ta NIN da takardun jarrabawa, in suka saɓa sai a watsar da takardun mutum baki ɗaya. Wasu iyayen kuma sun sayar da gona ko shanun huɗa sun ba dillalan aiki, aka kawo musu takardar kama aiki ta jabu. Aikin gwamnati na gaskiya ba a sayar da shi.

Maganar ƙwarewa kuwa, akwai ta a Mandawari, takardarta ce babu. Yaron da ya shekara biyar yana riƙe wa ubangidansa lissafi a Kasuwar Kurmi ko Kantin Kwari, ko yana gyaran wutar lantarki, ya san aiki, amma ofis ba ya karɓar shaidar baki. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana yin gwajin sana'a ga makanikai da kafintoci da magina da masu walda, ta ba da takardar shaida mai mataki uku. Hukumar samar da ayyukan yi ta NDE, wadda aka kafa a 1986, tana da ofis a Kano, tana kuma tura matasa koyon sana'a wurin gwanaye. Wanda ya yi wa wani shago ko makarantar unguwa aiki, ko da na sa kai ne, ya roƙi a rubuta masa wasiƙa mai kwanan wata da sa hannu da hatimi kafin ya bar wurin.