Abincin ruhu ba na ranar Lahadi kaɗai ba ne

Babu uwar da za ta ciyar da ɗanta ranar Lahadi, ta ce ya haƙura sai wata Lahadin. Amma haka da yawa cikinmu Kiristocin Maiduguri muke yi wa ruhunmu. Mu cika majami'a da safe, mu rera waƙa, mu ji wa'azi, daga nan Littafi Mai Tsarki ya koma lungu ya sha ƙura kwana 6.

A Matiyu sura 6, da Yesu ya koya wa almajiransa addu'a, abincin yini ya ce su roƙa, ba na wata ba. Haka ma manna a jeji: kowace safiya Isra'ilawa ke fita tsinta, wanda ya ɓoye ta kwana sai ya tarar ta yi tsutsa. Maganar Allah da addu'a haka suke, na jiya ba ya ƙosar da mutum yau.

Mu a garin nan mun san dalili. A Fabrairun 2006 an ƙona majami'u, aka kashe Fada Michael Gajere. A Yulin 2009 wuta ta cinye majami'ar EYN ta Wulari. A irin wannan rana mutum ba ya samun sukunin koyon gafara; abin da ya daɗe yana ci ne ke fitowa daga bakinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun daga ibadarsu ta farko a gindin tsamiyar Garkida a 1923 'yan EYN suke koyon ƙin ramuwa, suna durƙusawa su wanke wa juna ƙafa kamar yadda Ubangiji ya yi a Yohanna sura 13. Ni dai na gaskata wannan horon ne ya riƙe zukatan iyayen 'yan matan Chibok da yawa bayan an sace 'ya'yansu a 2014. Shi kuwa Bishop Oliver Dashe Doeme na Katolika ya ce a ƙarshen shekarar ya ga wahayin Yesu yana miƙa masa takobi, da ya karɓa sai ya zama carbin rosari. Ko kai ba ɗan Katolika ba ne, ka ga makamin da ya ɗora mutanensa a kai.

Wanda ya ƙoshi kuwa a jikinsa ake gani. Da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024, ruwa bai tambayi addinin kowa ba, ya shiga Gwange, ya shiga babbar majami'ar St. Patrick. Yaƙub sura 2 ta tsawata wa mai sallamar mayunwaci da fatan alheri alhali yana da abin ba shi. Duk wanda ya shimfiɗa wa maƙwabcinsa Musulmi tabarma a daren ambaliyar nan, bishara ya yi.

Abin da ke damuna shi ne masu ba da kwangilar addu'a: su kai kuɗi wurin wani, su karɓo mai ko ruwa a kwalba, su kwanta. Wani ba ya ci maka tuwo ka ƙoshi. Fasto na iya yi maka addu'a, amma ba zai durƙusa a madadinka ba.

Gobe da asuba, kafin yara su wuce makaranta, a zauna minti 10. A karanta Zabura ɗaya, a ambaci maƙwabta da sunayensu, har da wanda ake gaba da shi. In idon Kaka ya daina ganin rubutu, jika ya karanta mata, ita kuma ta yi addu'ar da Bura ko Margi, yadda ta saba.