Makunnin Matsin Iska a Murhun Ɗumama Gida: Aikinsa da Gyaransa

A ƙasashen da sanyi yake tsananta, kamar Amurka da Kanada, gidaje da yawa suna da murhun gas wanda yake ɗumama iska, a busa ta cikin ɗakuna. Ɗalibai da ma'aikatan da suke zuwa can ƙarin ilmi sukan zauna a irin waɗannan gidaje. A cikin murhun akwai wani ɗan makunni wanda girmansa bai wuce tafin hannu ba, amma rayukan mutanen gidan sun rataya a kansa.

Dalilin ƙirƙiro shi

Idan gas ya ƙone ba tare da isasshiyar iska ba, yakan haifar da gubar da ake kira kabon monoksaid. Ita ce gubar da takan hallaka mutane idan sun kwana da garwashi ko janareta a rufaffen ɗaki. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar numfashi sau 200 ko fiye. Saboda haka wajibi ne hayaƙin murhu ya fita waje.

A da, hayaƙin yakan tashi da kansa ta bututu saboda zafinsa. Amma a shekarar 1987 Amurka ta kafa doka cewa daga 1992 kowane sabon murhu sai ya mai da aƙalla kashi 78 cikin 100 na makamashinsa zafi mai amfani. Murhun da ya tatse zafi haka, hayaƙinsa ba shi da ƙarfin tashi sosai, don haka masu ƙira suka yawaita sa fanka mai zuƙo shi. To, idan fankar ta tsaya, ko bututun ya toshe, mene ne zai hana wuta ci? Wannan shi ne aikin makunnin matsin iska.

Yadda yake aiki

A cikin makunnin akwai tantanin roba, shimfiɗe kamar fatar ganga, da ɗan sifirin, da bakin waya biyu waɗanda ba su taɓa juna muddin murhu yana hutawa. Wata siririyar mesa ce take haɗa shi da gidan fanka. Idan ɗaki ya yi sanyi, na'urar daidaita zafi takan aika saƙo ga allon sarrafa murhu. Allon yakan fara tabbatar da cewa makunnin a buɗe yake, sa'an nan ya tashi fanka. Zuƙar fanka takan ja tantanin, bakin wayoyin su haɗu, wuta mai ƙarfin bolt 24 ta wuce. Sai bayan wannan ne ƙyastun lantarki zai yi ja, bawul ya saki gas.

Zuƙar da ake magana a kai ba ta da yawa. Ana auna ta da tsawon ruwan da za ta iya ɗagawa a cikin bututu, kuma galibi ba ta wuce rabin inci zuwa inci biyu ba. Adadin da kowane makunni yake bukata a rubuce yake a jikinsa.

Gyara

Babban abin lura shi ne, idan makunnin ya ƙi rufewa, sau da yawa ba shi ne mai laifi ba, shaida kawai yake bayarwa cewa iska ba ta tafiya daidai. Saboda haka ƙwararren mai gyara yakan fara kashe wuta da gas, sa'an nan ya bi hanyar iska. Yakan duba bakin bututun hayaƙi, ko sheƙar tsuntsu ko ƙanƙara ta toshe shi. Yakan cire mesa ya ga ko ta tsage ko ruwa ya kwanta a ciki, ya kuma sakace ɗan ramin da take shiga a gidan fanka. A murhun da ingancinsa ya kai kashi 90, tururin hayaƙi yakan koma ruwa, idan kuwa magudanar ruwan ta cushe, makunnin ba zai rufe ba.

Bayan haka sai awo. Akan haɗa ma'aunin matsin iska, watau manomita, a kan mesar, a tashi fanka. Idan zuƙar ba ta kai adadin da aka rubuta ba, cutar tana wajen fanka ko bututu. Idan ta kai, amma mitar lantarki ta nuna bakin wayoyin ba su haɗu ba, to, makunnin ya mutu, sai a sauya shi da mai adadi iri ɗaya. Ba a hura shi da ƙarfi da baki, domin tantanin yana iya yagewa.

Kuskure mafi muni shi ne a haɗe wayoyinsa biyu a bar su haka don murhu ya ci gaba da ci. Wanda ya yi haka bai gyara kome ba, ya dai kori mai gadi ne ya bar ƙofa a buɗe.

Irin wannan makunni yana nan a jikin injinan ƙona mai da gas na tukwanen tururi a masana'antu, har da na Nijeriya, kuma ƙa'idar ɗaya ce. Jami'in da aka kawo wa takardar kuɗin gyara yana da haƙƙin tambaya: nawa ma'auni ya nuna, kuma me ya hana iska wucewa? Lokacin da ya fi dacewa da duba murhu kuwa shi ne kafin shigowar sanyi, domin ba a fafe gora ranar tafiya.