AMON FADAR ZAZZAU DA NA'URAR ƊAUKAR MURYA

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Zazzau ran Alhamis da dare, lokacin da makaɗan Sarki ke yin sara, ya san kakaki ba ya yin shiru nan take idan mabushi ya sauke shi. Amon yakan bugi bango ya komo. Wannan komowa ita ce masu ɗaukar waƙa ke kashe kuɗi don su samu.

Abin iri biyu ne. Sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa guda. Idan bango ya kai nisan mita 17, kunne zai ji muryar ta dawo daban, watau amsa-kuwwa. Amma a cikin soro, inda bango da rufi ke kusa, muryar takan yi ta kai da komo har ta gauraye, ta bar wani jan amo mai dusashewa a hankali. Magina irin su Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, sun bar sorayen bakan gizo masu irin nasu amo, domin bangon ƙasa mai zane yana watsa sauti, ba kamar siminti mai santsi ba da ke mayar da shi da kaifi.

A ƙasashen Turai da Amurka, inda ake ɗaukar waƙa a ɗakin da aka toshe amonsa, sai aka nemi dabarar mayar da shi. A 1954 Sam Phillips ya yi amfani da jinkirin zaren rekoda ya ninka muryar Elvis Presley. A 1957 kamfanin EMT na Jamus ya fito da wani faffaɗan farantin ƙarfe mai kaɗawa ya ba da jan amo, a 1976 kuma ya ƙera na lissafin lantarki.

Shi kuwa David Ames, da ya ɗauki kiɗan Zariya a 1963 da 1964, a inda ake yin kiɗan ya kafa na'urarsa. Yau matashi mai kwamfuta yana iya ɗora wa algaita amon babban zauren da ke wata ƙasa, kuma idan ya cika shi, kalmomin mawaƙi su nutse, alhali waƙar Hausa magana ce da ake son a ji.

Akwai hanyar gyara. Ana iya yin tafi ɗaya a cikin soro, a ɗauki yadda amon ya mutu, kwamfuta ta adana shi don kowace waƙa. Sorayen ƙasa na birni suna ta komawa bulo da kwano. Ya kamata ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello da ma'aikatan al'adu su auna amon waɗanda suka rage tun suna tsaye.