ASUSUN MATA: KUƊIN DA KE AIKI BIYU

Ƴan'uwa manoma, maza da mata na ƙasar Gaya, idan an sayar da amfanin gona kuɗi ya ɗan rage, ina ake sa shi? Wani ya binne a tukunya, wani ya ba ɗan kasuwa ya tafi da shi Kamba ko Malanbil. Akwai hanya ta uku, wadda mai kuɗi zai ci riba, gari kuma ya amfana.

A shekarar 1991 ƙungiyar CARE ta fara wani tsari a jihar Maraɗi mai suna Mata Masu Dubara. Ba a kawo wa matan jari daga waje ba. Su ne suke zubi kowane mako cikin akwati guda, su ranta wa junansu. Daga Nijar tsarin ya bazu cikin ƙasashen Afirka da yawa, har ya kai Asiya.

Ga misali. Mata 30, kowace ta zuba dala 20 a mako. An tara jikka 3 ke nan. Cikin mako 40 an sami jikka 120. Wadda ta ranci jikka 10 za ta mayar da ɗan ƙari, yadda taro ya yanke. Ranar rabo kowace za ta karɓi zubinta da kasonta na ƙarin. A nan ya bambanta da adashi, inda mace ke kwasar abin da ta zuba kawai. Masu gudun ƙari kan bashi suna iya haɗa jarin su yi sana'a tare, su raba riba.

Abin lura shi ne inda rancen ya shiga. Ƙasarmu tana cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a Nijar. Muna da shinkafa a bakin kogi, da rake da giginya a Dallol Mawri, da gishiri a Foga. Macen da ta ranci jikka 10 ta sayi shinkafa ta turara, ta ba manomi ciniki, ta ba mai injin gumi aiki, ta ba mai amalanke lada. Kuɗin bai bar gari ba. A 2023 aka rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil, masu jari a kan kayan ƙetare suka sha wuya. Mai muruci da mai ƙuli-ƙuli kuwa kasuwarsu tana ƙofar gida.

A ganina rance don biki shi ne ke kashe asusu. Atamfa ba ta haihuwa. Haka kuma maigidan da ke karɓe rancen matarsa, ya bar ta da biya.

Ban da babban zubi, ana ware ƙaramin asusu na taimako, wanda ba a neman riba da shi. Da damina zazzaɓin cizon sauro yana kayar da yara, a lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Da wannan kuɗi uwa za ta kai ɗanta gidan likita tun ranar farko, ba sai ta sayar da akuyarta da arha ba.

A sa wa akwati kwaɗo 3, kowane makulli a hannun mace dabam. Kada a buɗe sai a gaban taro. A ƙidaya kuɗin da ƙarfi kowa ya ji, magatakarda ta rubuta, wata kuma ta karanta abin da aka rubuta.