Yaron da Ke Gudun Yashi da Ciyawa: Dalilinsa da Hanyar Taimakonsa

Gabatarwa

Wanda duk ya taɓa rainon ƙaninsa ko ƙanwarsa ba zai rasa ganin wannan al'amari ba. Za a sauke yaro ɗan shekara guda ko biyu daga goyo don a ajiye shi a kan yashi ko ciyawa, sai ya naɗe ƙafafunsa sama, ya maƙalƙale wanda ya ɗauko shi, ya ɓarke da kuka. Wani yaron kuma da zarar taɓo ya taɓa hannunsa sai ya ware yatsu, ya ƙi sauke su har sai an wanke masa. Akan ce shagwaɓa ce ko taurin kai, har wani lokaci a kai ga dukansa ko a dangwarar da shi da ƙarfi wai don ya saba. Wannan maƙala za ta yi bayanin abin da ke faruwa a jikin irin wannan yaro, da dalilin da ya sa tilastawa ke ƙara dagula al'amarin, da kuma hanyar da ta fi dacewa a bi.

Yadda Fata Ke Aika Saƙo

Fata ita ce gaɓa mafi girma a jikin ɗan Adam, kuma a cikinta akwai wasu ƙananan ma'aikata da ido ba ya gani, waɗanda aikinsu shi ne karɓar taɓawa. Masana sun kasa manyan cikinsu kashi huɗu, kowanne da sunan wani masani da ya yi bincike a kansa. Na Meissner suna kusa da saman fata, kuma su ne ke jin taɓawa mara nauyi, kamar shafar gashin tsuntsu. Na Merkel suna tantance kaifi da kaushin abu. Na Pacini suna can ciki, suna jin karkarwa da girgiza. Na Ruffini kuwa suna jin miƙewar fata. Irin na farko sun fi yawa a wuraren da ba gashi, wato kan yatsu da tafin hannu da tafin ƙafa da leɓɓa. A shekarar 2010 ne Ardem Patapoutian da abokan aikinsa a Amurka suka gano wasu 'yan ƙofofi a jikin ƙwayoyin halitta, masu suna Piezo, waɗanda ke buɗewa idan an danna fata, su mayar da dannawar ta zama saƙon lantarki. Wannan bincike ne ya sa ya sami kyautar Nobel a 2021.

Saƙon yakan bi jijiya ya shiga lakar ƙashin baya, ya haura zuwa ƙwaƙwalwa. Tun a 1937 likitan tiyata Wilder Penfield na Kanada ya nuna cewa kowane sashe na jiki yana da gurbinsa a ƙwaƙwalwa, kuma hannu da leɓɓa sun ci fili mai yawa ƙwarai. A nan ne ake yanke hukunci: shin wannan abu da ya taɓa ni na wasa ne, ko kuwa na gudu ne?

To, mai karatu ya dubi halin da yaro mai tatata yake ciki. Tafin ƙafarsa bai yi kauri ba, domin ya shafe watanni a baya ko a kan tabarma. Idan aka ajiye shi a ciyawa, ɗaruruwan tsinke ne za su soke shi a lokaci guda, kowanne na motsi ta inda bai zata ba. Yashi kuma yana zamewa a ƙarƙashin ƙafa, alhali shi bai gama iya tsayuwa ba. Ƙwaƙwalwar da ba ta san abu ba takan ɗauke shi a matsayin haɗari.

Yaran da Abin Ya Fi Tsananta a Kansu

Yawancin yara sukan saba bayan 'yan kwanaki ko makonni. Wannan sabo ɗabi'a ce ta jijiyoyi: idan saƙo ya yi ta maimaituwa ba tare da wata cuta ta biyo baya ba, ƙwaƙwalwa takan rage kula da shi. Shi ya sa ba ma jin rigar da ke jikinmu jim kaɗan bayan mun sa ta. Amma akwai yaran da wannan sabo ke yi wa wuya. Wata masaniya Ba'amurkiya, Jean Ayres, ta Jami'ar Kudancin Kalifoniya, ita ce ta fara yin cikakken bayani a kansu a shekarun 1960. Ta lura cewa suna mayar da martani ga taɓawa ta yau da kullum kamar an kawo musu hari, kuma taɓawa mara nauyi ta fi damunsu a kan riƙo mai ƙarfi. Saboda haka yaron da ke ihu don ciyawa ta shafi ƙafarsa yana iya yin lamo idan aka ɗaure shi tamau da majanyi a baya.

Dabarun Taimako

Kafin komai, a tabbatar ba ciwo na gaskiya yaron ke ji ba. Yashin tsakar rana a lokacin bazara yana iya ƙona ƙafar yaro. Ƙarangiya da tsidau da cinnaka suna ɓuya a cikin ciyawa, kuma faso ko ƙuraje na sa kowace taɓawa ta zama zafi. Babba ya fara gwada wurin da bayan hannunsa, ya kuma duba ƙafar yaron. Haka nan a guji ƙasar da ake yin bayan gida a kusa da ita, domin akwai tsutsar ciki da ke huda fatar ƙafa ta shiga jiki.

Abu na biyu, kuma shi ne ginshiƙin al'amarin, a bar yaro ya kai hannunsa da kansa. Kowa ya san mutum ba ya iya yi wa kansa cakulkuli. A 1998 Sarah-Jayne Blakemore da Daniel Wolpert da Chris Frith suka binciki dalili a Landan, ta hanyar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar mutane ana shafa musu tafin hannu. Suka ga cewa idan mutum ne ya shafa kansa, sashen jin taɓawa ba ya tashi sosai, domin ƙaramar ƙwaƙwalwa ta wajen ƙeya ta riga ta yi hasashen abin da za a ji, ta rage masa kaifi. Ke nan yashin da yaro ya taɓa don kansa ya fi sauƙi a jikinsa fiye da yashin da aka cusa masa hannu a ciki. Tilastawa kuwa tana haɗa taɓawar da tsoro, sai gobe ya fi yau gudu.

Na uku, a bi mataki-mataki. A fara da shimfiɗa tabarma a gefen yashi, yaro ya zauna yana kallon sauran yara. Daga nan a ba shi ludayi ko gwangwani mara kaifi ya riƙa ɗiba, ba tare da fatarsa ta taɓa ba. Sai yatsa guda, sai tafin hannu, sai ƙafa da takalmi, sai ƙafa ba takalmi. A fara da busasshen abu kafin jiƙaƙƙe, domin mai danƙo kamar taɓo ya fi wuyar jurewa. A ajiye ruwa da tsumma a kusa, yaro ya san zai iya goge hannunsa duk sa'ad da ya so. Minti biyar a kullum ya fi awa guda sau ɗaya a mako. Kada a ba shi wake ko tsakuwa ya yi wasa da su shi kaɗai, don gudun ya haɗiye ko ya tura a hanci.

Na huɗu, babba ya kula da fuskarsa. A wani gwaji da James Sorce da abokan aikinsa suka wallafa a 1985, an ɗora yara 'yan shekara guda a kan gilashi mai kama da bakin rami, iyayensu mata na tsaye a ɗaya gefen. Inda uwa ta nuna fara'a, mafi yawan yaran sun haye. Inda ta nuna tsoro, ko ɗaya bai haye ba. Yaro yana karanta fuskar babba kafin ya yanke shawara. Don haka yayar da ta zauna a yashi tana gina ɗaki tana dariya ta yi rabin aikin.

Yaushe Za a Ga Likita?

Ƙin yashi ko ciyawa shi kaɗai ba cuta ba ne. A 2012 Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta shawarci mambobinta da kada su ɗauki matsalar jin taɓawa a matsayin cuta mai zaman kanta, sai dai su bincika ko akwai wata larura a tare da ita. Daga 2013 kuwa, kundin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ke aiki da shi ya sanya tsananin jin taɓawa ko ƙara a cikin alamomin larurar otizim. Saboda haka idan yaro yana ƙin wanka da tufafi da yawancin abinci, ko ba ya waiwayowa idan an kira sunansa, ko ba ya haɗa ido da mutane, ko ya kai shekara biyu bai fara haɗa kalmomi biyu ba, ya kamata a kai shi sashen yara na asibiti ba tare da jinkiri ba.

Kammalawa

A cikin wasan ƙasa ne yaro ke ƙarfafa yatsunsa, ya koyi daidaita tsayuwarsa, ya kuma saba da 'yan'uwansa yara. Wanda aka tsorata har ya ƙaurace wa wannan wasa ya yi asara babba. Ɗalibai masu ƙanne a gida da malaman da ke kula da ƙananan yara su riƙa tunawa cewa kukan yaron ba ƙarya ba ne, abin da jijiyoyinsa suka faɗa masa ne. Aikin babba shi ne ya tabbatar wurin ba shi da haɗari, ya zauna kusa, ya bar yaro ya matso da ƙafarsa. Hausawa sun ce, sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.