Idan Aboki Ya Zo Daga Gida: Zaga Gari da Cin Abinci a Kontagora

Ya kai ɗalibi, mai yiwuwa karatu ko aikin iyaye ne ya kawo ka Kontagora daga Ilori, ko Enugu, ko Bida. Wata rana abokinka na ƙuruciya zai aiko maka cewa yana tafe. Daga ranar da ya sauka a tasha, kai ne masaukinsa, kai ne kuma tafintansa. Abin da ka nuna masa shi zai kai gida, ya ba da labari. Idan ka yi sakaci, zai iya yin kuskuren da zai ba ku kunya ku duka biyu. Saboda haka ya kamata ka san yadda Hausawa suke karɓar baƙo.

Da farko, tarbe shi da fara'a, domin Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Ka ce masa, “Maraba, sannu da zuwa.” Ka kawo masa ruwan sha tun kafin ka tambaye shi labarin hanya da na mutanen gida. Bayan ya huta, ka kai shi ya gai da maƙwabta. Ka koya masa cewa idan an ce, “Ina gajiya?” amsar ita ce, “Ba gajiya,” ko da kuwa ya gaji.

Kafin ku fita yawon buɗe ido, ka ba shi tarihin garin a taƙaice, don wanda bai san asalin wuri ba, gine-gine kawai zai gani. Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ne ya kafa Kontagora a shekarar 1864. Sarautarsa ita ce Sarkin Sudan, kuma har yau da ita ake kiran sarkin garin. A zamanin ɗansa Ibrahim ne sojojin Ingila suka ci garin da yaƙi a 1901. Ana cewa sunan ya samo asali ne daga “kwanta gora,” wato a ajiye gorar ruwa a yada zango. A ƙasar Kontagora akwai Hausawa da Fulani da Kambari da Dukawa da Dakarkari, kuma zai ji harsunansu a kasuwa.

Ku fara da ƙofar fadar Sarkin Sudan. Ku sa tufafi na mutunci, ku gai da dogarai. Idan an yi muku izinin shiga, ku tuɓe takalma, ku durƙusa, ku ce, “Ranka ya daɗe.” Kada abokinka ya ɗaga waya ya ɗauki hoton kowa sai ya nemi izini. A kusa da barikin soja kuwa, ya bar wayar a aljihu. Daga nan ku shiga kasuwa, ya ga buhunan masara da dawa da gyaɗa da manoman karkara suke kawowa. A wajen gari akwai Rijiyar Nagwamatse, wadda ake danganta ta da wanda ya kafa garin. Amma kada ku bar gari sai kun shawarci manya game da lafiyar hanya, kuma ku dawo da sauran rana.

Yanzu sai batun ciki. Da safe ka kai shi wurin mai waina, ko ku sayi ƙosai da kunu. Da rana, idan zafi ya tsananta, fura da nono tana kashe ƙishirwa da yunwa. Da daddare a kawo tuwon shinkafa ko na masara da miyar kuka ko taushe, sannan ku leƙa tukubar mai tsire. Ka tambaye shi tun da wuri ko akwai abin da jikinsa ba ya so. Wannan yana da muhimmanci, domin da garin ƙuliƙuli ake haɗa tsire, ƙuliƙuli kuwa daga gyaɗa ake yin sa, kuma akwai mutanen da gyaɗa take cutarwa.

Cin abinci ma yana da ladubba. A wanke hannu, a ci da dama, kowa ya ci gabansa. Idan wani ya ce muku, “Bismilla,” gayyata ce, wanda ya ƙoshi sai ya ce, “Alhamdu lillahi.” Ka gargaɗi abokinka game da santi: idan daɗin abinci ya sa ya kama zuba surutu yana yabon miya, za a yi masa dariya a ce santi ya kama shi. Idan kuma ziyarar ta faɗo a watan azumi, ku ci abincinku a cikin gida, don girmama masu azumi.

Baƙo raɓa ne, in ji Hausawa, ba ya daɗewa. Ranar komawarsa ka saya masa tsaraba daidai ƙarfinka, kamar kilishi ko ƙuliƙuli, waɗanda ba sa lalacewa a hanya. Kada ka ci bashi don ka burge shi. Ka raka shi har tasha, ka ce, “Allah ya kiyaye hanya, a gai da mutanen gida.”

Tambayoyi

1. Wane ne ya kafa Kontagora, kuma a wace shekara?
2. Me ya sa za ka tambayi baƙo kafin ka saya masa tsire?
3. Mene ne santi?
4. Rubuta gajeriyar hira tsakaninka da baƙonka a wurin mai waina.